Layin da ke Bangon Gabas

Ma'aikatan masaukin suna ce mata Mai Awo, domin tun da suka san ta ba su taɓa ganin wuyanta babu tef ɗin awo ba. Irin na teloli ne, ruwan ɗorawa, ya koɗe har lambobin farko sun ɓace. Na mahaifinta ne. A shagonsa na ɗinki ta tashi, a ƙarƙashin teburin yanka, tana tsintar ƙyallaye, kuma a nan ta ji maganar da ta riƙe har girmanta: "Ido maƙaryaci ne, 'yata. Auna." Shi ya sa ko da ta je jami'a ta karanta tsara ɗakuna, inda kowa ke lissafi da mita, ita da inci da ƙafa take tunani, sai ta gama ta juya musu zuwa nasu.

A jami'ar ta haɗu da mijinta. Shi zanen gine-gine yake karantawa, kuma tun a shekara ta biyu abokansa suka laƙaba masa Sarkin Laka, don duk aikin da aka ba su, shi ginin ƙasa zai kawo. Ranar da suka fara magana ya shimfiɗa mata zanen wani gida da yake ji da shi. Ta duba, ta duba, ta ce, "Ginin ya yi kyau. Amma duk wanda zai shiga banɗakin nan sai ya tsallake ƙafar mai barci." Ya naɗe takardarsa ya tafi. Kwana uku yana fushi, a na huɗu ya dawo da zanen a gyare, ya ce ta sake dubawa. Haka aka yi ta dubawa har aka yi aure.

Shekara shida suna yi wa mutane aiki, shi yana zana gidajen siminti masu gilashi da ke dafa mutanen ciki, ita tana zaɓa wa ofisoshi labule. Daga baya suka sayi wani fili a bayan gari, wanda masu buga bulo suka gama da shi suka bar ramuka, suka gina masaukin baƙi mai ɗaki takwas da ƙasar filin kanta. Ramin da aka haƙi ƙasar ya zama tankin tara ruwan sama. Kaurin bango inci ashirin, tagogi wasu sama wasu ƙasa don iska ta shiga ta nan ta fita ta can, wuta daga rana. Ko a tsakiyar bazara, baƙo in ya shiga ɗaki sai ya ɗaga kai yana neman na'urar sanyi, bai gan ta ba. Doka ɗaya ce a gidan, kuma mijin ne ya kafa ta: ba a shigo da kayan ginin da ba zai iya komawa ƙasa ba, ba a kuma zubar da abin da ya faɗo daga bango. "Abin da ya fito daga ƙasa," yakan gaya wa baƙi yana shafa bangon zaure, "ƙasa zai koma, mu sake ɗauka."

Goggonta ta zo ranar buɗewa, ta zagaya, ta taɓe baki. "Digiri biyu a gida ɗaya, ku ƙare a ɗakin laka. Boko ya kai ku ya dawo da ku inda ya ɗauko kakanninku." Amma da ta kwanta bayan azahar a ɗaki na biyu, sai da aka tashe ta.

Shi ya yi bango, ita ta yi abin da ke tsakanin bangon. Tana da yadda take yi. Kafin a buɗe ɗaki ga baƙi, takan ɗauki akwati mai nauyi a hannun dama, ta rufe ido, ta tura ƙofa ta shiga kamar wadda ta sha doguwar tafiya, ta miƙa hannun hagu. Inda hannun ya sauka, nan za a sa makunnin fitila. Sai ta zauna a bakin gado ta cire takalmi, ta ɗaga kai: abin da idonta ya fara gani, shi ne abin da baƙo zai tuna da gidan. Ba ta jure karkata. Akwai ranar da ta sa aka cire wata kantar katako aka sake kafawa saboda rabin inci.

Baba Magini, tsohon da ya jagoranci ginin tun daga tushe kuma ya zauna da su, ya riƙe haɓa. "Uwar ɗakina, rabin inci fa! Ko ƙuda ba zai lura ba."

"Ni na lura, Baba."

"To, ke kin fi ƙuda."

Ginin ƙasa yana da haƙƙinsa. Kowace shekara kafin damina sukan rufe masaukin na mako guda, a jiƙa ƙasa, a kwaɓa ta da ƙaiƙayi, a tattake, a yi wa bangon waje sabon yaɓe da hannu, siriri kamar kaurin yatsa. Bangon gabas ya fi kowanne buƙata, don shi ruwa ke duka, kuma a bayansa ɗaki na uku da na huɗu suke. In wani baƙo ya tambaya me ya sa ba za su shafe shi da siminti ko fenti su huta ba, Sarkin Laka yakan yi dariya. "Bangon ƙasa numfashi yake. Yana shan danshi, yana fitarwa. Ka toshe masa hanci, ka kashe shi."

'Ya ɗaya suka haifa, kuma da ciwon sikila ta zo. Sun san jininsu tun kafin aure. Likita ya zaunar da su ya ce ɗaya cikin huɗu ne. Su biyun masu lissafi ne, suka ga uku ya fi ɗaya.

Ana ce wa yarinyar 'Yar Tsalle, domin ranar da ciwo ya sake ta ba ta tafiya kamar sauran mutane. Taku uku, tsalle ɗaya, har ta isa inda za ta. Ranakun da bai sake ta ba, gidan ya san su: uwar na zaune da ruwan ɗumi da tawul, uban na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

Tana shekara takwas, a makon yaɓe, da la'asar, Baba Magini ya gama bangon gabas, ya yi sumul kamar an goge shi da dutsen guga. Shi da mijin suka tafi wanke hannu. Mai Awo ta zagayo ta kusurwa da zannuwan gado a kafaɗa, sai ta hangi 'yarta tana bin bangon, yatsa a cikin ɗanyen yaɓe, tana jan layi. Taku uku, tsalle ɗaya, layin yana tashi yana sauka tare da ita.

"Ke!"

Yarinyar ta firgita, ta tsaya cak, yatsan ya nutse a laka.

"Kin san awa nawa Baba ya yi yana wannan aikin? Me kike yi?"

"Hanya nake yi wa tururuwa."

Uban ya zo ya gani, ya kwashe da dariya. Uwar ba ta yi dariya ba. Ta ce a shafe yanzu-yanzu. Baba Magini ya taɓa bangon da bayan hannu ya ce ya fara shan iska, in aka yi masa faci sai ya fi haka muni, a bari yaɓen baɗi ya rufe. Ta sa yarinyar ta ba shi haƙuri. Yarinyar ta sunkuyar da kai, yatsa duk laka, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri."

"Haba matata," in ji tsohon, "ke da bangon mijinki? Gobe ki zo ki yi wa kiyashi tasu."

Ba ta samu ta yi dariya ba, don uwar ta riga ta nuna mata hanyar ɗaki.

Bayan damina, da sanyi ya shigo, ciwon ya tashi kamar yadda ya saba. Suka tafi asibiti kamar yadda suka saba. A rana ta huɗu, da hantsi, uban ya fita sayo magani, uwar tana gyara mata matashi, yarinyar ta rasu.

Masaukin ya yi kwana goma a rufe, sannan aka buɗe, don akwai baƙin da suka riga suka kama ɗaki. Mai Awo ta ci gaba da aikinta. Tana karɓar baƙi, tana miƙa makulli, tana duba zannuwa. In aka yi mata gaisuwa aka ce Allah ya sa mai ceto ce, takan ce amin, ta tambayi mai gaisuwar ko ruwan wanka ya yi masa zafi. Mijin ya daina faɗin maganar nan tasa ta komawa ƙasa. Ba wanda ya hana shi. Wata rana ya fara ta gaban wasu baƙi, ya kai rabi, sai ya juya ya nuna musu tankin ruwa.

Ba ta taka bayan ɗaki na uku da na huɗu ba sai da shekara ta zagayo, ta ji ƙarar fartanyar Baba Magini yana jiƙa ƙasa. Ta zagaya. Layin na nan. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ciro tef daga wuya. Daga ƙasa zuwa layin, inci talatin da uku. Tsawonsa ƙafa ashirin da bakwai. Tsalle goma sha ɗaya, kowanne da ɗan tudunsa. A ƙarshe wani ɗan rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, inda aka ce "Ke!"

Ta koma wurin kwaɓa ta ce a yaɓe ko'ina, ban da bangon gabas.

Baba Magini ya jingine fartanya. "'Yata," ya ce, kuma bai taɓa kiran ta haka ba, "ki saurare ni. Bangon nan yaɓe bakwai ne a jikinsa, kuma kowanne na nan a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Mu ba sharewa muke ba, rufewa muke. Zan bi layin nan a hankali, ba zan danna ba. Yana nan a ciki har bayan ranmu."

"An rufe mini ita sau ɗaya, Baba. Ya isa."

Tsohon ya sake ɗaukar fartanyarsa. Mijin ya kafa wa bangon 'yar rumfar katako a sama, ya faɗaɗa magudanar ruwa a ƙasa. Amma ruwan gabas ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, da iska yake zuwa, a karkace. Kowace safiya ta daminar nan takan bi bangon, yatsanta a tsaye inci ɗaya daga layin, ba ta taɓawa don kada ta cinye shi. Da ruwa ya ɗauke ta sake aunawa. Zurfin layin ya ragu da rabi. Tsalle na uku da na huɗu sun shafe, sai wanda ya san suna nan. Gindin bangon ya fara zaizayewa.

Da bazara ta sake zagayowa, wani kafinta ya zo gyara teburin cin abinci, ta ga yana shafa masa man nan mai sheƙi da suke shafa wa katako, ta ga ruwa ya zuba a kai ya dunƙule ya gangara. Da yamma ta sami mijin a ɗakin zane.

"Ina so ka shafa wa bangon gabas irin man kafinta."

Ya ajiye fensir. "Kin fi kowa sanin abin da zai faru."

"Na san abin da kake cewa zai faru."

"Danshi daga ƙasa yake hawa, ba daga sama kaɗai ba. In ya hau bai sami mafita ba, a ciki zai zauna. Ni na koya wa ɗalibai wannan. Ke kika buga mini takardar."

"To a yi yaya? Daminar bana za ta cinye sauran."

"Mun ɗauki hotuna."

"Hoto!"

"A bar Baba ya rufe shi. Wallahi shi ne kaɗai hanyar da—"

"Ka yanko mini shi, in ba za ka shafa ba."

"Ƙafa ashirin da bakwai na bangon da ke ɗauke da rufin ɗaki biyu? Ranki ya daɗe, ki yi tunani."

Da "ranki ya daɗe" yake tsokanar ta tun suna jami'a, kuma wannan karon ma ya faɗa ne don ta sassauta. Ba ta sassauta ba. Ta naɗe tef a yatsunta, ta warware, ta sake naɗewa.

"Ɗaya cikin huɗu," ta ce. "Kai ka ce mini lissafi na gefenmu. A lokacin na yarda da kai. Yanzu kai ka yarda da ni."

Ba ta taɓa faɗin wannan ba, kuma ta san ba gaskiya ce cikakkiya ba, don tare suka yi lissafin. Ya dube ta, ya dubi takardar gabansa. Washegari da safe ya fita da kansa, ya dawo da gwangwani uku da buroshi. Su ne kayan gini na farko da suka shiga ƙofar gidan nan waɗanda ba za su koma ƙasa ba.

Ya miƙa wa Baba Magini buroshi ɗaya. Tsohon ya mai da hannayensa baya. "Maigida, ka sa ni haƙa, ka sa ni dako. Wannan dai hannuna ba zai yi ba." Ya je ya zauna a bakin tanki yana kallo.

Sarkin Laka ya yi aikin shi kaɗai, kuma ya yi shi da kyau, don bai iya yin aiki da rabin zuciya ba. Ya hure ƙurar layin da baki. Ya shafa daga gindin bango har zuwa ƙirjinsa, ya bari ya bushe, ya sake, har sau uku. Da ya gama, ƙasar ta yi duhu tana ƙyalli kamar ɗanyen yaɓe, layin ya fito raɗau, har tsalle na uku da na huɗu suka dawo. Kamar yanzu yarinyar ta ɗauke yatsa. A karon farko cikin shekara biyu Mai Awo ta sa yatsanta a cikin layin, ta bi shi tun daga farko, ta tsaya kafin ramin.

Mako shida ta yi tana cin abinci tana barci. Har ta sake wa zaure tsari, ta yi faɗa da mai wanki a kan guga. Baƙi kan zagaya su ga bangon mai sheƙi su tambaya ko ado ne. Takan ce, "Aikin wata ne."

Ruwan farko ya sauka, ya daki bangon ya gangara, bai kama ba. Ta tsaya ƙarƙashin lema, ta juya ta dubi mijin. "Ka gani?"

"Na gani," ya ce.

A wata na biyu na damina wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke sauka wurinsu duk shekara, ta zo mai da makullin ɗaki na huɗu. "'Yar nan, kada ki ji haushi. Ɗakin nan naku bana warin rijiya yake yi." Mai Awo ta ba ta haƙuri, ta shiga ɗakin, ta sa tafin hannu a bango, ta ji sanyi irin wanda ba na inuwa ba. Matar da ta sa a cire kantar katako saboda rabin inci, sai ta janye gado daga bango da taƙi guda, ta kunna turare, ta rufe ƙofa. Bayan mako ɗaya ta daina ba da ɗakin. Bayan wani makon ta daina ba da na uku. In an kira neman masauki takan ce sun cika.

A waje, ƙarƙashin sheƙin, wasu ƙuraje suka fara tasowa, da farin gishiri a gefensu. Mijin ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa. Inda ya kamata ya ji tauri, sai ya ji amo kamar na ƙwaryar da ba komai a ciki.

"Bari in kankare shi yanzu," ya ce. "Wataƙila a tsira da rabi."

"In ka kankare, da layin zai tafi."

"In ban kankare ba, da bangon zai tafi."

"Bayan damina."

Bai matsa ba. Ya shiga ɗakunan biyu da sandunan katako ya tokare azarar rufi, ya fito ya kulle.

Ranar da abin ya faru ma ba ruwa ake ba. An yi kwana uku ana yi, a na huɗu rana ta fito da ƙarfi. Wajen azahar tana zaure tana nuna wa wasu mata da miji inda za su sa hannu a littafin baƙi, sai aka ji ƙara kamar an jefo buhuna daga kan babbar mota. Ta ce musu, "Ku yi haƙuri, ina zuwa." Ta ajiye biro a tsakiyar littafin, ta fita. Ba ta yi gudu ba.

Fatar bangon duka ta ɓalle a lokaci ɗaya, ta kifa da fuskarta a ƙasa, ta tafi da kaurin tafin hannu na bangon. Abin da ya rage a tsaye baƙi ne, jiƙe sharkaf, yana tururi a rana. Rufin bai faɗo ba, saboda sandunan. Mijin na tsaye a can gefe, hannayensa a kai. Baba Magini ya zo da kwando, ya ga fuskarta, ya ajiye kwandon a hankali. Babu wanda ya ce ai na faɗa.

Ta durƙusa ta fara juya ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar ta jiƙa har ta zama kamar ƙullu, tana ɗagawa tana marmashewa a hannu, sheƙin yana tsagewa kamar ɓawon ƙwai. Nan ta ga inci biyu na layi, kafin ta miƙe da shi ya rabe. Can ta ga rabin wani tsalle, ba ta ma san na nawa ba ne. Har la'asar tana juyawa. Abu ɗaya ne ya fito lafiya: ramin ƙarshe. Man ya taru a cikinsa sau uku ya yi kauri, ya daskare, ya zama kamar ɗan murfin kwalba. Ta goge shi da bakin mayafi, ta riƙe a tafin hannu.

"Baba," ta ce, "a kwashe ƙasar a mayar ramin kwaɓa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Wannan ba ta shiga kwaɓi, 'yata. Man nan ba ya narkewa. In ya shiga, sabon yaɓen ma ba zai kama ba. Sai dai bola."

Ta dubi tulin. Ta miƙe ta shiga ɗakin girki, ta fito da cokali da faranti, ta zauna a ƙasa, ta ɗauki ɓarɓashi ɗaya, ta kankare sheƙin da bakin cokali, ta jefa ƙasar a kwando. Duk wanda ke ɗauke da guntun layi, kankarewar ce ke ƙarasa shi, ta sani, ta ci gaba. Can mijin ya tafi ya dawo da nasa cokalin, ya zauna kusa da ita.

"Ni na shafa," ya ce.

"Ni na ce a shafa."

"Ke ba ki tabbatar ba. Ni na tabbatar, tun kafin in buɗe gwangwanin."

Ta dakata da cokalin. "To me ya sa?"

"Mako shida kin yi barci."

Ta mai da kai ga aikinta. Bayan ɗan lokaci ta ce, "Ba kai kaɗai ka yi lissafin nan ba."

"Na sani."

Kwana huɗu suka yi suna kankara, tana tashi ta karɓi baƙo ta dawo. Ƙasar ta cika kwando tara, aka juye a ramin kwaɓa. Ɓawon man ya cika bokiti ɗaya. Mijin ya ɗauka ya kai wa motar shara da kansa, ya tsaya har ta sha kwana.

Sai da bangon ya yi wata biyu yana bushewa kafin Baba Magini ya yarda a taɓa shi. Ranar kwaɓi ta cire takalmi, ta ɗaure zane, ta shiga lakar ta tattaka tare da su, abin da ba ta taɓa yi ba. Aka cike ramin bangon, aka yi yaɓe biyu. Da aka gama ta ɗora dogon katako a jikinsa, ta auna sama ta auna ƙasa. Babu karkata ko ta rabin inci.

An sake buɗe ɗaki na uku da na huɗu. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta dawo a shekarar da ta biyo, ta ce warin ya tafi. Kowace bazara ana yaɓe bangon gabas tare da sauran, kuma baƙi kan shafa shi su yaba santsinsa. Takan ce, "Hannun Baba ne, ba ya karkata." Ɗan murfin nan yana cikin aljihun teburin zaure, tare da makullan ɗakuna. Ta taɓa gwada sa yatsa a ciki. Ko ƙaramin yatsanta bai shiga ba.

Har yanzu tana nan, tef a wuya, ta fara furfura a gefen kunne. Da safe, bayan ta duba ruwa da zannuwa, kafin baƙi su fito karin kumallo, takan zagaya bayan ɗakunan biyu. Ba ta buƙatar aunawa, hannunta ya san inci talatin da uku. Takan bi bangon, yatsa a tsaye inci ɗaya daga jikinsa, har ƙafa ashirin da bakwai, ta tsaya. Daga nan zuwa kusurwa ƙafa goma sha uku ne suka rage. Ta auna. Tsalle biyar ne, ko shida.